Kayen Bara Ba Shara Ba Ne



Malamanmu, iyayenmu mata da maza, ƙannena ƴan koleji da ƴan lise, da abokan aiki da suka taso daga Buza da Keita suka iske mu nan Madawa, sannunku da zuwa, sannunku da zafi. Na san wasu da ƙurar hanya suka shigo, don haka ba zan yi ta kewaye-kewaye ba.

An ce in yi magana a kan tara tsofaffin takardu a makarantu, da yadda wannan aiki zai sa ɗalibi ya fara damuwa da muhallinsa. Na karɓa da hannu biyu, amma da sharaɗi guda: mu gaya wa juna gaskiya. Mun gaji da taron da ake zuwa a raba riguna, a ɗauki hoto, a watse, bayan sati biyu ko wanda ya shirya taron ya manta da sunansa.

Kowa a nan ya san abin da ke faruwa ƙarshen watan Yuni. An gama jarrabawa, an ba da sakamako, sai kaye ya zama marar gata. Hanyoyinsa uku ne. Wani ya faɗa hannun mai ƙosai ko mai tsire. Wani a tara shi bayan aji a cinna mashi ashana. Sauran kuma iska ta kwashe, ta kai shi ya maƙale a ƙaya tare da baƙar leda, akuya ta bi ta cinye abin da ya rage. Kayen nan kuwa a watan Oktoba wani uba ya sayar da tiyar hatsi ko kaza kafin ya saye shi. Wata uwa ta taɓa kuɗin adashinta. Kuma in ka buɗe shi, sau da yawa za ka tarar ba a ma cinye shi ba, akwai fararen shafuka a baya da alƙalami bai taɓa ba.

To, ga gaskiya ta farko. A intanet za ku ga ana cewa wanda ya adana takarda ya ceci itace. Maganar tana da tushe, domin da ɓargon itace ake yin mafi yawan takardar duniya. Sai dai itacen da aka sare aka yi kayenka ba a Adar ya tsiro ba. A wata ƙasa mai nisa aka sare shi, takardar ta ratso teku, ta sauka a tashar jirgin ruwan wata ƙasa, sannan babbar mota ta jawo ta zuwa kasuwarmu. Namu itatuwan, gawo da bagaruwa da kalgo da sabara, murhu ke cin su, da gatarin mai neman abincin dabba lokacin bazara. In muka ce wa yaron Buza ya tara takarda don ya ceci dajin garinsu, ranar da ya yi wayo ya gane babu alaƙa, daga nan ya daina yarda da duk abin da muka faɗa game da muhalli.

Ga gaskiya ta biyu. A ƙasashen da kuke gani a bidiyo, yara na zuba takarda a kwando, mota ta zo ta kwashe, ta kai masana'antar da ke jiƙa ta, ta narka ta, ta wanke tawadar, ta fito da sabuwa. Zaren takarda yana jure wannan juyi kamar sau 5 zuwa 7 kafin ya gajarce ya daina kamawa. Mu a jihar Tawa ba mu da irin wannan masana'anta. In muka sa ɗalibai suka tara buhu 50 ba tare da mun san inda za su ba, mun dai canja wa shara wurin kwana. Gara ta ci rabi, ruwan farko ya jiƙa sauran, daga baya mai gadi ya ƙone abin da ya rage. Yaran da suka yi wahalar tarawa suna kallo, kuma darasin da za su ɗauka shi ne aikin muhalli wasan manya ne.

Saboda haka maganata a yau guda ɗaya ce: kada wata makaranta ta fara tara takarda sai ta san abin da za ta yi da kowane falle, kuma abin ya zama wanda yaro zai gani da idonsa, ya taɓa da hannunsa, a cikin garinsu.

Kafin in faɗi abin da za a iya yi, bari mu tuna cewa girmama takarda ba baƙon abu ba ne gare mu. Takarda ita kanta da kayan da aka yar aka fara yin ta. A ƙasar Sin, wajen shekara ta 105, wani ma'aikacin fada mai suna Cai Lun ya haɗa ta da ɓawon itace da tsumma da tsohuwar komar kamun kifi. Mu nan kuma, a zamanin kakanninmu, bisa raƙumi take zuwa, ta ratso hamada. Littattafan malaman Sakkwato da Kano da Agadas da yawa an rubuta su ne a kan wata takarda da ake yi a Italiya, wadda in ka ɗaga ta a haske za ka ga tambarin jinjirin wata uku a jikinta. Tsadarta ta sa almajiri ba ya fara karatu da ita. A allo yake rubutu, ya hardace, ya wanke, ya sake rubutawa, allo guda shekara da shekaru. Har gobe akwai tsofaffin da in suka ga takarda a ƙasa sai sun duƙa sun ɗauke, don kada a ce akwai sunan Allah a jiki a taka. Wato tarbiyyar tana nan a gidajenmu. Mu ƴan boko ne muka saki.

Yanzu ga aiki. Na farko, kuma shi ya fi sauƙi: fararen shafuka. Mu yi lissafi tare. Mu ƙaddara aji mai ɗalibi 60, kowane yana da kaye 5, kowane kaye ya rage falle 10 da ba a rubuta ba. Falle 3,000 ke nan. In ka raba su hamsin-hamsin, ka sami kaye 60 masu shafi 100. Kowane yaro ya tashi da kayen buruyon guda, wanda zai yi gwajin lissafi a ciki, ba tare da an fitar da ko dala ba. Me ake buƙata? Allura babba, zare mai ƙarfi, almakashi, da kwalin shayi ko na sabulu a yi bango. In ana son manna bangon, ƙaro na nan, wanda malaman allo ke sawa a tawada tun fil azal. Akwai baduku ko tela a kowace unguwa da zai koya wa yara ɗinkin cikin yini ɗaya. Kuma duk mun san akwai yaran da ke makara da shiga aji a Oktoba, wasu ma su zauna gida gaba ɗaya, don uba bai haɗa kuɗin kayan karatu ba. Ajin da ya ɗinka kaye 60 zai iya ware 10 ya ba direkta ya miƙa wa irin waɗannan yara a asirce, ba tare da an kunyata kowa ba.

Na biyu: takardar da aka riga aka rubuta. Ita za a naɗe a yi ƴan jakunkuna, a manne da ƙaro ko kunun sitaci, a kai wa masu tebur su riƙa ƙunshe busassun kaya, kamar ƙusa, sabulu, allura, irin albasa da irin kayan lambu. Kowace jaka guda ta tare wa baƙar leda guda hanya. Kun san tun watan Nuwamba na 2014 ƙasarmu ke da dokar da ta hana yi da shigowa da sayar da irin wannan leda mai laushi. Ku leƙa kasuwa ranar cinta ku gaya mani ko leda ta ji labarin dokar. Ku tambayi mahauta abin da suke cirowa daga tumbin awaki da shanu. Sai dai a kiyaye: takarda mai tawada ba ta dace da abinci mai zafi da mai ba, domin man yana jiƙa tawadar ya kai ta cikin abincin. Wanga gyara ne da ya kamata mu kai wa iyayenmu masu tuya cikin ladabi, mu ma da muke saye mu riƙa zuwa da kwanonmu.

Na uku shi ne wanda ya fi kwanta mani a rai, don shi ke ƙulla takarda da ƙasa. Ka ɗauki falle uku ko huɗu, ka naɗe su jikin gwangwanin tumatir, ka lanƙwashe gindin, ka zare gwangwanin. Ka sami tukunyar reno. Ka cika ta da ƙasa da taki, ka sa iri. Ranar dashe ba sai ka yage komai ba, da tukunyar za ka binne, ta ruɓe a ciki, saiwa ta ratsa ta wuce. Ba ka bar gutsuren leda a gona ba. Kuma ba ta cin ruwa wajen haɗawa, abin da ke da muhimmanci a garuruwan tudu na Buza da Keita inda mace ke yin tafiya kafin ta cika jarka. Amma ita ma tana da iyaka. Takarda ba ta jure watanni uku ko huɗu ana ba ta ruwa kullum. Ta fi dacewa da abin da ba ya daɗewa a wurin reno, kamar zogale, tumatir, kabeji da tattasai. Itacen da ke son dogon reno, a nemi shawarar ma'aikatan gandun daji, a kuma wanke tsofaffin ledojin ruwa a yi amfani da su maimakon a bar su a titi. Kowace makaranta ta gwada da tukunya 20 tukuna, ta rubuta kwana nawa suka yi kafin su saki, ta gaya wa sauran. Wannan shi ne kimiyyar da ake koya mana a aji, ta sauko tsakar gida.

Me ya sa na nace sai aikin ya ƙare a ƙasa? Domin mu ƴan wannan yanki muna da gadon da yara da yawa ba su san da shi ba, alhali suna wucewa ta gefensa kullum.

A kwarin Magiya, cikin gundumar Buza, iska ta kasance tana kwashe ƙasar gona tana binne shukar hatsi tun tana ƙarama. A 1975 ma'aikatan gandun daji da ƙungiyar CARE da manoman wurin suka fara dasa dogon yaro layi biyu-biyu, tsakanin wannan jeri da wancan kamar mita 100, don su karya ƙarfin iska. Aka yi ta yi shekara bayan shekara har jerin ya kai ɗaruruwan kilomita. Da masu bincike suka auna, sai suka tarar hatsin da ke bayan itatuwan ya fi na fili yawa da kimanin kashi ɗaya cikin biyar. Daga baya kuma mutane suka riƙa samun itacen gini da na girki daga rassan. Abin lura a nan, itatuwan sun rayu ne don an sa masu gadi suna kore dabbobi a shekarun farko.

A Keita kuma, a 1984, shekarar yunwar da iyayenmu ke kira El Buhari, aka fara babban aikin raya karkara da kuɗin Italiya, hukumar FAO na gudanarwa, PAM na ba da abinci a madadin lada. Maza da yawa sun tafi biɗa, wasu Najeriya, wasu Abijan. Mata ne suka riƙe mafi yawan aikin. Su suka ɗauki duwatsu a ka, suka haƙa ramuka a jikin tsaunuka, suka yi shingen tare ruwa a kan faƙon da ko ciyawa ba ta fitowa. Cikin kusan shekara 20 an dasa itatuwa wajen miliyan 18, an farfaɗo da ƙasa fiye da eka dubu 30 ta ma'aunin hekta, an gina madatsun ruwa, an haƙa rijiyoyi. Gwaggona tana cikin matan nan. Har yau in tana ba da labari takan shafa tsakar kanta ta ce nan gammo ya zauna shekara da shekaru. Ba ta taɓa shiga aji ba, ba ta san kalmar canjin yanayi ba, amma ta san dalilin da ya sa ake jera dutse a kan gangare: don ruwa ya rage gudu, ya tsaya, ya nutse, ya bar ƙasar da ya ɗauko.

Haka maƙwabtanmu na Maradi. Tun wajen 1983 manoma suka koma barin tohon kututture a gona suna gyara shi maimakon su sassabe shi duka, abin da ake kira sassaben zamani. Da wannan dabara marar tsada aka dawo da itatuwa kusan miliyan 200 a kan hekta miliyan 5 a kudancin Nijar, har duniya ke zuwa koyo.

To ina tambaya: ɗalibi nawa a cikin ɗakin nan aka taɓa kai shi ya ga jerin dogon yaron Magiya a matsayin darasi? Aji nawa ya taɓa gayyato ɗaya daga cikin matan Keita ta zauna gaban allo ta yi bayani? Muna hardace sunayen kogunan Turai don jarrabawa, mu fito ba mu san dalilin da ya sa ƙoramar bayan garinmu ke ƙara faɗi kowace damina tana cin gonaki ba. Matan nan suna tsufa. In ba mu kawo su aji yanzu ba, da iliminsu za su tafi. Tukunyar takarda ƙaramin abu ce, amma yaron da ya naɗe ta da tsohon kayensa, ya ga zogale ya tsiro a ciki, shi ne zai saurari gwaggo da kunnen mai sana'a.

Akwai abubuwa uku da nake roƙo a kiyaye, don aiki mai kyau kan lalace a kan ƙaramin sakaci.

Na ɗaya, takardar da ke ɗauke da ayoyi ko sunayen Allah, musamman a makarantun Faransanci da Larabci da kayen darasin addini. A ware ta tun wurin tarawa, a sa mata kwali nata, a miƙa wa malamai su yi da ita yadda ya dace. Ranar da wani uba ya ga aya a jikin ƙunshin ƙusa, ranar aikin ya mutu a garin, kuma da gaskiyarsa.

Na biyu, takardun ofishin makaranta masu sunayen yara da makinsu da bayanan iyayensu. Waɗannan ba sa zuwa kasuwa. A yayyaga su ƙanana, a zuba a ramin taki.

Na uku, wuta. Makarantunmu da yawa har yanzu da azuzuwan zana da kara suke. Ba mu manta da 2021 ba: a watan Afrilu gobara ta cinye yara kimanin 20 a irin waɗannan azuzuwa a Yamai, a watan Nuwamba kuma aƙalla 25 a Maradi. Allah ya jiƙansu, ya ba iyayensu haƙuri. Kada a ajiye buhun takarda a ajin kara ko kusa da shi, ko na kwana ɗaya. Kuma al'adar ƙona shara a harabar makaranta, lokaci ya yi da za mu bar ta.

Sai babbar matsalar da kowa ke kauce wa faɗa. Ana rufe makaranta daidai lokacin da ruwa ke sauka. Ranar 3 ga Agusta, ranar da muka sami mulkin kai a 1960, wadda tun 1975 ta zama ranar dashen itace, tana faɗowa tsakiyar hutu. Manya su zo su dasa, a tafa, a tafi. Kafin Oktoba akuya ta gama da rabi, kafin Afrilu rana ta ƙarasa sauran. Shekara nawa muna dasa itace a rami guda? Darasin Magiya ke nan: dashe yini ɗaya ne, tsaro shekara uku. Don haka kafin a tafi hutu, kowane itace ya sami mai shi da suna, ɗalibin da gidansu ke kusa, a kewaye shi da ƙaya ko tubali, a rubuta wa zai ba shi ruwa daga Nuwamba zuwa Mayu. Gara makaranta ta dasa 15 ta raya 12, da ta dasa 200 don hoto. Kuma ranar 3 ga Agusta mai zuwa, kafin a haƙa sabon rami, a fara ƙirga na bara da suka rayu, a faɗi adadin a bainar jama'a.

Wa zai riƙe aikin? Ba sai an jira wani furoje ba. A shekarun 1990 an yi shirin PFIE na ƙungiyar CILSS, wanda ya shigar da ilimin muhalli a makarantun firamare na ƙasashen Sahel har da tamu. Malaman da suka yi zamaninsa suna nan, wasu sun yi ritaya a unguwanninmu, a je a gaishe su a tambaye su abin da ya yi aiki da abin da ya tsaya ranar da kuɗi suka ƙare. Muna da kwamitin COGES a makarantu, muna da ƙungiyar iyaye, muna da uwayen ɗalibai. Abin da nake nema gare su kaɗan ne: kwali uku a kowane aji, ɗaya na fararen shafuka, ɗaya na rubutattu, ɗaya na masu ayoyi, yini guda a makon ƙarshe na shekara don ɗinki da naɗi, da kusurwa guda mai inuwa kusa da ruwa don reno.

Ku kuma ƙannena, kada wani ya sa ku ji kunyar kaye mai bangon kwalin shayi. Na san yadda ake dariya a aji. Amma in shugaban aji da wadda ta zo ta ɗaya suka fara riƙe shi, cikin sati guda zai zama yayi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma ku ne za ku koma gida ku tanƙwara mu manya.

Mu da muka gama jami'a muke zaune a gari da waya a hannu, namu ya fi nauyi. Kowannenmu akwai makarantar da ta yaye shi. Ka koma can kafin ƙarshen Yuni, ka gaida direkta, ka nemi aji guda kawai. Ka je da allura da zare da gwangwani. In Oktoba ta zo, ka dawo ka gaya mana kaye nawa aka ɗinka, yaro nawa ya shiga aji da su, tukunya nawa ta tsira, nawa gara ta cinye. Har wanda bai yi ba muna son ji, don na Keita ya koya daga na Madawa, na Buza ya gyara wa duka biyun.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya raya mana abin da muka dasa, ya saka wa iyayenmu mata da suka ɗauki dutse don mu tarar da ƙasa.